Hawan Dutse Domin Lafiyar Yara: Gayya ko Neman Suna?

Gabatarwa

Da a ce za a sami wani dattijo a bakin kasuwar Rigachikun a ba shi labarin cewa akwai mutanen da kan bar gidajensu lafiya lau, su biya maƙudan kuɗi, su yi kwana bakwai suna hawan dutse cikin tsananin sanyi, wai don a tara wa yara marasa lafiya kuɗin magani, da wuya ya bari a kai ƙarshen labarin bai tari numfashin mai ba da shi ba. Cewa zai yi, "To, me ya hana su miƙa kuɗin kawai su huta? Ko maganin a bisa dutsen yake?" Wannan tambaya ce ta mutumin da ya san darajar kwabo, kuma ita ce wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin amsawa. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, al'adar ta cancanci a are ta, zama tana da dangi a cikin al'adun Hausawa. Amma fa sai an rage mata tsawo, an kuma ɗaure ta da sharuɗɗa, in ba haka ba sai ta koma yawon buɗe ido da sunan marasa lafiya.

Yadda Abin Yake

Daga cikin duwatsun da aka fi hawa saboda wannan manufa akwai Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wanda ya ɗara kowane dutse tsawo a Afirka, watau mita 5,895. Hans Meyer Bajamushe da Ludwig Purtscheller mutumin Ostiriya su ne Turawan da suka fara kaiwa ƙololuwarsa, a 1889. Bayan Tanganyika ta sami mulkin kai a 1961 aka raɗa wa ƙololuwar suna Uhuru, watau 'yanci da harshen Suwahili. Abin da ya jawo wa dutsen farin jini shi ne, ba sai mutum ya ƙware da hawa da igiya ba, da ƙafa ake takawa har sama. Amma kada wannan ya ruɗi mai karatu. Tafiyar takan ci kwana biyar zuwa tara, kuma a can ƙoli iskar da jiki ke samu a kowace shaƙa kimanin rabi ce ta wadda ake samu a bakin teku. Ciwon kai da jiri da amai su ne ƙananan alamu. In abin ya tsananta ruwa kan taru a huhu, har akan rasa rai. Shi ya sa jagororin dutsen ba su da wata kalma a baki kamar "pole pole", watau sannu-sannu, wadda ta yi daidai da maganar Hausawa cewa sannu ba ta hana zuwa.

Yadda kuɗin ke taruwa kuwa shi ne, mai niyyar hawa yakan yi shela tun da sauran watanni, ya faɗi asibiti ko ƙungiyar agajin da zai wahala dominta. Daga nan 'yan'uwa da abokan aiki da kamfanoni sai kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar. Misalin da ya fi shahara shi ne na watan Maris 2009, sa'ad da wasu fitattun mawaƙa da ma'aikatan rediyo da talabijin na Ingila, su tara, suka hau Kilimanjaro a ƙarƙashin ƙungiyar Comic Relief. Abin da aka tara ya haura fam miliyan 3, kuma yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Afirka shi ne babban abin da aka yi shelar hawan dominsa.

A nan ne amsar farko ta tambayar dattijon Rigachikun take. Da mutanen nan tara sun zauna a gida kowa ya zaro abin da ke aljihunsa, da abin da za a samu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da wancan. Ɗan Adam ba ya cika buɗe hannu don an karanta masa lissafin mace-mace. Amma in ya ga wanda ya sani yana haki, leɓɓansa sun tsattsage, yana jan ƙafa saboda 'ya'yan wasu, sai kunya da tausayi su kama shi. Ashe ke nan dutsen ganga ce ta shela, aikinsa ya tara jama'a.

Bahaushe da Dutse

Bahaushe ba baƙon dutse ba ne. Tarihin Kano ya soma ne daga Dala, inda aka ce Barbushe kan hau ya gana da Tsumburbura ya sauko wa jama'a da labarin shekara. Kwatarkwashi ta ƙasar Zamfara ta yi suna da dutsenta da bukukuwan da akan yi a kansa kafin Musulunci ya kafu. Ganuwar Zazzau ta dā har Kufena ta kewaye. Turunku kuwa, wadda a yau ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Igabi inda Rigachikun take, a gindin duwatsu ta zauna, kuma sunanta na haɗe da na Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Mutanen dā sun hau dutse don tsafi, sun hau don gudun mahara, sun nemi tama a gindinsa. Na yanzu kuwa sukan hau don shan iska, kamar yadda samarin Kano kan cika Dala da Goron Dutse a lokacin bukukuwan Salla, ɗaliban Samaru kuma kan yi ayari zuwa Kufena. Abin da bai zama al'ada ba tukuna shi ne a hau don wani ya warke.

To, amma ainihin dabarar tsohuwa ce a ƙasar Hausa, gayya ce sunanta. In gonar dattijo ko ta suruki ta fi ƙarfin mai ita, akan sa rana a kira samari. Makaɗan gangar noma su zo, a yi ta kirari, 'yan mata su tsaya a bakin gona da fura, kowane saurayi ya dage don kada a ce wani ya riga shi fitar da kuyya. Babu mai musun cewa rabin ƙarfin nan na neman suna ne. Duk da haka ba a taɓa jin mai gona ya ce a mayar masa da ciyawarsa don an nome ta saboda idon 'yan mata ba. Hikimar magabata ita ce, sun san samartaka ba ta rabuwa da son a gani, sai suka ɗaura mata garma. Dambe da kokawa da sharon Fulani duk sun nuna jama'ar ƙasar nan na girmama mai juriya a bainar jama'a. Saura kawai a sami inda za a zuba wannan juriya ta yi amfani.

An ga alamar haka a 2015. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekara, wani matashi ya taka da ƙafa daga Legas har Abuja don taya wanda ya ci zaɓe murna, aka yi ta tarbarsa gari-gari. Kafin a ankara sai 'yan tattaki suka ɓarke ko'ina, wannan ya nufi gidan gwamna, wancan ya nufi gidan sanata. An sha rana, ƙafafu sun kumbura, amma da wuya a nuna ɗakin shan magani ɗaya da wannan wahala ta gina. A gwada wannan da abin da Kunle Adeyanju ya yi a 2022, da ya hau babur daga Landan zuwa Legas cikin kimanin kwana 40 don tara wa ƙungiyar Rotary kuɗin yaƙi da shan inna. Wahalar iri ɗaya ce, wurin da aka kai ladan ne ya bambanta.

Halin da Yaran ke Ciki

Kafin a saurari masu suka, ya kamata a dubi waɗanda ake maganar dominsu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kaiwa shekara biyar, kuma abin ya fi muni a Arewa maso Yamma. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Haka nan an ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 a kowace shekara da amosanin jini, watau sikila, adadin da babu ƙasar da ta kai shi.

Abin takaici shi ne, yawancin abubuwan da ke kashe yaran nan maganinsu ba mai tsada ba ne. Gidan sauro mai magani bai wuce kimanin dala 2 ba in an saya da yawa. Gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ke tsai da ita. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel. Tamowa kuwa, tun yunwar 2005 a yankin Maraɗi aka tabbatar cewa abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin 'yar leda yana tayar da yaro cikin makonni kaɗan, uwarsa na ba shi a gida.

Rigachikun ba ƙungurmin ƙauye ba ne. Gari ne a bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya, a nan hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa take, nan kuma filin bajekolin duniya na Kaduna yake. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na cikin gari, na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika. Duk da haka, abin da ke tsakanin matalauciyar uwa da likita ya fi ƙarfin awon kilomita. Akwai kuɗin mota, da na kati, da na awon jini, da na ledar jini in ta kama, sa'an nan ga na magani. Saboda tsoron wannan lissafi ne takan yi kwana uku tana gwada jiƙo da 'yan ƙwayoyin kemis, sai idon yaro ya yi fari fat ko ya soma jijjiga sa'an nan a ruga asibiti, sau da yawa bayan lokaci ya ƙure. Ƙaramin asusu da zai ɗauke mata kuɗin ranar farko yana iya raba yaro da kabari.

Hujjojin Masu Suka

Suka ta farko ita ce ta tsada, kuma tana da ƙarfi. Hawan Kilimanjaro kan ci dala 2,000 zuwa sama ga mutum ɗaya, ban da kuɗin jirgi da na tufafin sanyi. Wannan kuɗin gidan sauro dubu ne. In mutum ya tara dala 3,000 ya cire 2,000 ya biya wa kansa hawa, to, jama'a ce ta kai shi yawo, yara kuwa suka sami ragowar. Wannan zargi gaskiya ne a duk inda aka yi haka, sai dai laifin na tsari ne, kuma yana gyaruwa.

Ta biyu ita ce ta riya. Wasu na cewa sadakar da aka yi da ganga da hotuna ba ta da lada. Malamai dai sun bayyana cewa ɓoye sadaka ya fi falala, amma bayyana ta ba laifi ba ne, musamman in za ta zaburar da wasu. Niyya kuwa Allah kaɗai ya san ta, kuma yaron da aka ƙara wa jini ba ya tambayar abin da ke zuciyar wanda ya biya. Wanda ya kamata ya ji tsoron riya shi ne mai hawan kansa, ba mai kallo da ke neman dalilin ƙin ba da naira ɗari ba.

Ta uku ta shafi waɗanda ba a gani a hoto. Bayan kowane baƙo da ya ɗaga tuta a Uhuru akwai 'yan dako uku ko huɗu da suka ɗauko masa tanti da abinci da ruwa, kaya mai nauyin kilo 20 a ka. An daɗe ana kuka da ƙarancin ladansu da rashin kayan sanyi, har sai da aka kafa ƙungiyar kare haƙƙinsu. Bai dace a tausaya wa ɗan wani ta hanyar tauye uban wani ba.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi, watau maganar amana. Greg Mortenson, Ba'amurke mai hawan duwatsu, ya yi suna a duniya da gina makarantu a Pakistan da Afganistan. A 2011 wani binciken gidan talabijin ya tono ɓarna a harkar ƙungiyarsa, a 2012 kuma ya amince ya mayar mata da dala miliyan 1 bayan binciken hukumar shari'a ta jihar Montana. A gida ma ba a manta da bukukuwan ƙaddamar da gidauniya ba, inda attajirai kan yi alkawarin miliyoyi a lasifika, a tafa, a watse, daga nan ba a sake jin ko an biya ko ina aka kai. Jama'ar da aka sha yi wa haka ba a zarginta in ta ƙanƙame aljihu.

Ta biyar ita ce, wai irin wannan taimako yana sauke wa hukuma nauyin da ke kanta. Lalle kuwa lafiyar yara haƙƙi ne a kan gwamnati. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai je ko kusa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Babu hawan dutsen da zai maye gurbin wannan. Sai dai tarihin shan inna ya nuna hannu biyu ba su hana juna aiki. Gudummawar da 'yan Rotary suka soma tarawa tun 1985, da ƙoƙarin hukuma, da tsayawar sarakunan Arewa, su suka haɗu har aka tabbatar a watan Agusta 2020 cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Bugu da ƙari, wanda ya zubar da guminsa saboda wani ɗakin shan magani shi ne zai fi kowa bakin tambayar kansila da ciyaman ina kason wurin ya shiga.

Abin da Ya Dace

Tun da yake dutsen ganga ce, ba dole sai ta Tanzaniya ba. Wanda ke da hali, ga Chappal Waddi a Jihar Taraba, bakin iyakar Kamaru, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Ga duwatsun Shere kusa da Jos, masu mita 1,829, inda aka daɗe ana horar da matasa juriya da shugabanci. Ga ɗalibi kuwa, Kufena ta ishe shi, kuma daga Rigachikun tafiyar ba ta kai kilomita 80 ba. A ƙaddara ɗalibai 200 sun fita, kowane ya sami mutum 20 da suka ba shi naira 500. An tara naira miliyan 2 ke nan, ba a sayi tikitin jirgi ko ɗaya ba. Da ɗan gari kan ci gari: wanda ya ba da kuɗin ya san mai hawa, ya san dutsen, ya kuma san asibitin.

Amma sai an kiyaye sharuɗɗa. Na farko, mai hawa ya ɗauki nauyin kansa, kada a taɓa kwabon marasa lafiya don mota ko abinci ko riguna masu tambari. Na biyu, a faɗi takamaiman abin da za a yi da kuɗin tun kafin a karɓa, alal misali maganin wata-wata na yara masu sikila a wani asibiti, ko kuɗin jini na ɗakin yara, kuma a nemi shawarar ma'aikatan wurin, su da suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi. Na uku, kuɗi su shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, a ce malami ɗaya da wakilin mai unguwa da ma'aikacin lafiya, sa'an nan a manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa da ƙofar masallaci da ta coci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na huɗu, kada a yi wasa da tsaro. Sace ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris 2021 a cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Igabi ya faru. Saboda haka duk wani hawa, ko na Kufena ko na Turunku, sai da iznin hakimi da jami'an tsaro, da rana tsaka, tare da 'yan agaji. In hali bai yi ba a ɗage, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na biyar, kada a riƙa yawo da hotunan yara marasa lafiya ba da yardar iyayensu ba, talauci bai zubar wa kowa da mutunci ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne ɗorewa, kuma a nan Edmund Hillary ya isa misali. Shi da Tenzing Norgay suka fara kaiwa ƙololuwar Everest a 1953. Da ya so, da ya zauna yana cin sunan nan har mutuwa. Maimakon haka sai ya koma wurin mutanen Sherpa da suka yi masa dako, ya kafa gidauniya a 1960, aka gina makaranta a Khumjung a 1961, da asibiti a Kunde a 1966, bai kuwa daina ba har rasuwarsa a 2008. Hawan yini guda ne, amma mai sikila kowane wata yana bukatar magani, sauro kuma kowace damina yana dawowa. Ƙungiyar da ta hau sau ɗaya ta ɗauki hoto ta watse ta yi wa yaran alkawarin da ba ta cika ba. Gara a ɗauki ƙaramin nauyi a riƙa maimaitawa shekara-shekara, ɗaliban bana su miƙa wa na baɗi littafin lissafi.

Kammalawa

Dattijon Rigachikun yana da gaskiya, maganin ba a bisa dutse yake ba. Wanda zai iya miƙa kuɗinsa shiru ya koma gida ya fi kowa, Allah ya ƙara irinsa. Amma irinsa ba su da yawa, shi ya sa magabata suka ƙago gayya. Ƙungiyoyin Hausa na jami'o'i sun saba shirya makon Hausa da kalankuwa da wasannin gargajiya, suna da makaɗa, suna da masu baki, suna da ƙafafu. Ba abin da zai gagare su ba ne su keɓe yini ɗaya a shekara su hau dutse saboda ɗakin yara na asibitin da ke kusa da su, su sauko su karanta wa jama'a lissafi har kwabon ƙarshe. In an yi haka, ko da neman suna ya cuɗanya a ciki, gonar dai ta nomu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya yara bisa lafiya, amin.